Ƙarfin Giwa da Bugun Zuciyar Ɓera: Dalilin Tsadar Manyan Baburan Gudu

A shekarar 2015 kamfanin Yamaha na ƙasar Japan ya sa babura biyu a kasuwa, waɗanda in aka jera su aka ja da baya aka duba, sai a rantse uwa ɗaya uba ɗaya suke. Dukkansu irin baburan nan ne masu rufaffen jiki da tsinin hanci, waɗanda mahayinsu yake kwantawa bisa tanki, matasa kuma suna kiran su fawa baik. Ɗaya sunansa R3, ɗaya R1. A ƙasar Amurka an sa wa R3 farashin dala 4,990, shi kuwa R1 dala 16,490. Watau kuɗin R1 guda ɗaya zai sayi R3 guda uku, har a yi canji.

In aka tambayi mutane dalili, amsar da za ta fara zuwa ita ce: ai babban ya fi cin ƙarfe. To amma sikeli bai goyi bayan wannan amsa ba. Nauyin R3 da mai a cikinsa kimanin kilo 169 ne, na R1 kuwa 199. Ratar kilo 30 ce kacal, bai kai nauyin buhun siminti ba. Ƙarfen kilo 30 ba zai ci dala dubu goma sha ɗaya ba, ko a wace kasuwa aka saye shi. Ashe ke nan sai an nemi dalilin a wani wuri, kuma wurin da ya fi dacewa a fara nema shi ne cikin injin kansa.

Mene ne "cc"?

A cikin kowane injin babur akwai wani rami mai kama da gwangwani, shi ake kira silinda. A cikinsa fistan yake hawa da sauka. In ya sauka sai ya zuƙo iska da fetur, in ya hau ya matse su, fulogi ya ba da wuta, abin ya kama, ƙarfin fashewar ya sake tura fistan ƙasa, sa'an nan ya hau ya kori hayaƙi. Girman filin da fistan yake sharewa daga sama zuwa ƙasa shi ne ake aunawa da cc. Ɗaya daga cikin cc ɗin nan daidai yake da cikin ɗan akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk santimita ɗai-ɗai ne, kuma guda 1,000 su ne lita ɗaya. Saboda haka injin Bajaj Boxer da ake haya da shi a garuruwanmu, mai kimanin cc 100, bai wuce ƙaramin kofin shayi ba. Na R3 cc 321 ne, na R1 kuma 998.

Ɗalibi na iya gwada lissafin da kansa. Faɗin bakin silindar R1 santimita 7.9 ne, tafiyar fistan kuwa santimita 5.09. Rabin 7.9 shi ne 3.95. A ninka 3.95 da kansa, a ninka da 3.142, sa'an nan a ninka da 5.09, za a sami kimanin 249.5. Da yake silinda huɗu ce a injin, jimla ta kama 998.

Abin lura a nan shi ne, mai sayen irin wannan babur ba cc yake nema ba, ƙarfi yake nema. Ana auna ƙarfin inji da abin da ake kira ƙarfin doki, wanda ɗaya daga cikinsa ya kai kimanin wat 740. Boxer yana ba da ƙarfin doki wajen 8, R3 yana ba da 42, R1 kuwa 200. Da za a tara injinan Boxer goma wuri guda, girmansu zai kai na R1, amma ƙarfinsu 80 ne kawai. Sauran 120 ɗin nan da R1 yake tatsowa daga lita ɗaya tak, su ne tushen maganar kuɗi.

Abin da giwa ta sani

Tun a shekarar 1638 masanin nan na Italiya, Galileo, ya yi bayanin wata ƙa'ida da ta shafi dabbobi da gine-gine da injina baki ɗaya. Malami zai iya nuna ta a aji da sabulun wanki ko yumɓu. A yanka ɗan dunƙule mai gefe shida, kowane gefe santimita ɗaya. A yanka wani mai santimita biyu. Tsawon na biyun ya ninka sau biyu, amma faɗin fatarsa ya ninka sau huɗu, nauyinsa kuwa sau takwas. Ciki yana girma da sauri fiye da fata. Wannan ne ya sa ƙafar giwa take kamar turmi, ta barewa kuwa kamar kara: ƙarfin ƙashi yana bin kaurinsa, wanda ke ninkuwa sau huɗu, alhali nauyin da zai ɗauka ya ninku sau takwas. Giwar da aka ƙera da siffar barewa za ta karye tun kafin ta yi taku biyu.

Haka abin yake ga silinda. In aka ninka faɗinta da zurfinta sau biyu, cikinta zai ninku sau takwas, nauyin fistan ma haka, amma ƙofofin da iska ke shiga da fita, watau bawul-bawul, faɗinsu sau huɗu kawai zai ninku. Ga ciki ya yi girma, ga maƙogwaro bai bi shi ba. Bugu da ƙari, fistan yana da iyakar gudun da zai jure kafin ƙarfe ya gaza, to da yake tafiyarsa ta yi tsawo, tilas inji ya rage yawan juyawarsa. Shi ya sa manya-manyan injinan jiragen ruwa, waɗanda mutum zai iya tsayawa a cikin silindarsu, suke juyawa wajen sau 100 a minti, ƙaramin babur kuwa sau dubbai. Masu nazarin dabbobi ba za su yi mamaki ba. Zuciyar giwa tana bugawa kimanin sau 30 a minti, ta ɓera kuwa wajen sau 600.

Yaya halitta ta warware wannan matsala? Jikin kowane mai rai an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita, kuma kowace ƙwaya ta fatarta take karɓar abinci da iska. In ta yi girma da yawa, fatar ba za ta iya ciyar da cikin ba. Don haka ƙwayoyin jikin giwa ba su fi na ɓera girma da wani abin a zo a gani ba, yawa suka fi su. Injiniyoyi ma dabarar da suka bi ke nan. Maimakon silinda ɗaya mai lita guda, sai suka yi ƙanana huɗu. Lissafi ya nuna cewa jimlar faɗin saman fistan huɗun nan ya fi na ƙaton guda ɗaya da kusan kashi 60 cikin 100, ƙarfin da za a iya samu ma haka. Ƙaton guda ɗayan zai tsaya a wajen juyi 8,500 a minti, alhali R1 yana kai wa ga cikakken ƙarfinsa ne a juyi 13,500.

Sai dai kuma kowa ya ci zomo ya ci gudu. Silinda huɗu na nufin fistan huɗu, da ringinsu, da sanduna huɗu masu haɗa su da kiranshaf, da fulogi huɗu, da bututun hayaƙi huɗu. Boxer bawul biyu gare shi, R1 goma sha shida. Kowane ɗaya sai an ƙera shi, an goge shi, an auna shi, an daidaita shi da 'yan'uwansa. Kamfanin Honda ya sa irin wannan inji mai silinda huɗu a babur ɗin da aka ƙera da yawa don jama'a, watau CB750 na shekarar 1969, kuma daga nan ne sauran kamfanonin Japan suka bi sahu.

Abin da ke faruwa cikin sakan guda

Juyi 13,500 a minti daidai yake da juyi 225 a cikin sakan ɗaya. A kowane juyi fistan yana tsayawa cik sau biyu, sau ɗaya a sama, sau ɗaya a ƙasa, kafin ya juya baya. Ke nan cikin sakan guda yana tsayawa ya sake tashi sau 450. Wanda ya taɓa ɗaura dutse a igiya yana wulwulawa ya san yadda igiyar take ƙara jan hannu in ya ƙara sauri. Ƙa'idar ita ce, in sauri ya ninku sau biyu, jan zai ninku sau huɗu. A irin gudun injin R1, a duk lokacin da fistan ya kai sama zai juyo, yana jan sandarsa da ƙarfin da ya fi nauyinsa sau 5,000. A ƙaddara nauyin fistan giram 200 ne, bai kai gwangwanin madara biyu ba. A wannan ɗan lokaci sandar tana jin kamar an rataya mata tan guda. Sa'an nan a saki, a sake ratayawa, sau ɗaruruwa kowane sakan, kuma ana so ta yi shekaru ba ta tsage ba.

Wannan shi ne neman ƙarfin giwa tare da bugun zuciyar ɓera, abin da ba a haɗa wa wata dabba a doron ƙasa ba. Hanyar samunsa ɗaya ce: a rage nauyin duk abin da ke kai-komo ba tare da an rage masa ƙarfi ba. Fistan na ƙananan babura ana narka alminiyum ne a zuba a mazubi, kamar yadda masu ƙera tukwane suke yi. Na manyan baburan gudu kuwa ana matse ƙarfen ne da injin mai tsananin ƙarfi har ya ɗauki siffa, kamar yadda maƙeri yake dukan fartanya a kan uwar maƙera, don ƙarfen da aka daka ya fi wanda aka zuba jure wahala. Sandunan fistan na R1 da bawul ɗinsa na shigar iska da ƙarfen taitaniyum aka yi su, wanda ƙarfinsa ya yi kusa da na baƙin ƙarfe mai kyau amma nauyinsa bai kai kashi 60 cikin 100 na nasa ba.

Abin mamaki, taitaniyum ba shi da ƙaranci. Shi ne na tara wajen yawa cikin sinadaran ɓawon ƙasa. Tsadarsa daga wahalar tacewa take. Yana da kwaɗayin iskar oksijin ƙwarai, har ba a iya narka shi a fili kamar tama. Hanyar da ake bi har yau ita ce wadda William Kroll, mutumin Luksambag, ya fito da ita wajen shekarar 1940: sai an fara haɗa shi da sinadarin kulorin, sa'an nan a raba su da magniziyum a cikin rufaffiyar tukunya da aka kore wa iska, aikin kwanaki. Bayan an same shi kuma, yana cin kaifin injin da ke yanka shi.

Zafi

Injin fetur ba ya mayar da duk abin da ya sha zuwa aiki. Abin da ke kai wa ga taya bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sauran zafi ne. Tsokar ɗan Adam ma kusan haka take, shi ya sa manomi yake gumi. In R1 yana bisa cikakken ƙarfinsa, zafin da yake zubarwa ya kai na dutsen guga na lantarki mai wat 1,000 guda 300 da aka kunna gaba ɗaya. Wani kashi yana bin salansa, sauran kuwa dole a janye shi daga jikin inji, in ba haka ba fistan ya narke.

Ƙaramin babur ba shi da wannan damuwa. 'Yan fikafikan nan na ƙarfe da ke jikin silindarsa sun ishe shi, iska na bugunsu yana hucewa, kamar yadda ƙaramar dabba take saurin rasa zafin jiki don fatarta tana da yawa bisa ga girmanta. Babban inji kuwa matsalar giwa gare shi. Wanda ya je Yankari ya ga yadda giwa take kaɗa kunnuwanta da rana: jini mai zafi ne yake bi ta jijiyoyin kunnen, ya huce, ya koma cikin jiki. Lagireto kunnen giwa ne na ƙarfe. Kafin ya yi aiki sai an huda hanyoyin ruwa a cikin jikin inji, an sa famfo, da bututu, da fanka, da na'urar da ke lura da zafi, da wata kuma mai sanyaya baƙin mai. R3 ma yana da lagireto, sai dai zafin da yake fama da shi kimanin kashi ɗaya cikin biyar ne na R1.

Iska da birki

Mai karatu zai iya tambaya: in ƙarfin R1 ya ninka na R3 kusan sau biyar, me ya hana gudunsa ya ninka sau biyar? Iska ce ta hana. Mai tafiya a ƙasa ba ya jin ta, amma ga mai gudu ta zama bango. In ana so a ninka gudu sau biyu, turjiyar iska za ta ninku sau huɗu, ƙarfin injin da ake bukata kuwa sau takwas. R3 yana kai wa wajen kilomita 180 a awa. A raba 200 da 42, za a sami 4.76. Lambar da in aka ninka ta da kanta sau uku za ta ba da 4.76 ita ce 1.68. A ninka 180 da 1.68, sai ga 302. Kusan nan ne kuwa R1 yake tsayawa. Duk wannan taitaniyum da bawul goma sha shida, ƙarin kilomita 120 a awa kawai suka sayo.

A shekarar 1999 kamfanin Suzuki ya fito da babur mai cc 1,299 wanda ya haura kilomita 300 a awa, ya sa masa suna Hayabusa. Da Japananci sunan wani shaho ne da ke faɗowa daga sama kan tsuntsaye da gudun da ya wuce kilomita 300 a awa, babu wata halitta da aka auna ta fi shi. Gudun babur ɗin ya tayar da hankalin hukumomi a Turai, har kamfanonin suka ji tsoron a kafa masu doka, suka yarda a tsakaninsu cewa daga wajen shekarar 2000 za su riƙa taƙaita baburansu a kilomita 299.

Tashi da gudu rabin aiki ne, sauran rabin tsayawa. Ƙarfin motsi da ke tattare da abu mai tafiya yana bin nauyinsa da kuma gudunsa da aka ninka da kansa. Boxer da mahayinsa, a ce kilo 180, bisa gudun kilomita 60, suna ɗauke da kimanin jul 25,000. R1 da mahayinsa, a ce kilo 280, bisa gudun kilomita 300, suna ɗauke da jul 970,000, kusan ninki arba'in. Wannan ya isa ya kai ruwa lita uku ga tafasa, kuma cikin 'yan sakan kaɗan ake so a kashe shi. Iska na ɗaukar wani kashi, sauran birki ne zai mayar da shi zafi. Shi ya sa R3 yake da faifan birki ɗaya a gaba mai faɗin milimita 298, R1 kuwa biyu masu 320.

Daga nan sai abin ya zama kamar jan zare a jikin saƙa. Birki mai ƙarfi zai lanƙwasa ƙahon gaba in ba a ƙara masa kauri ba. Ƙaho mai ƙarfi zai murɗe firam. Firam ɗin R3 bututun baƙin ƙarfe ne da aka yi wa walda, na R1 kuwa alminiyum ne, tankinsa ma haka, ƙafafunsa na magniziyum, domin ana son ƙarfi amma ba a son nauyi. Tayar baya ta R3 faɗinta milimita 140, ta R1 190, kuma an saƙa cikinta yadda ba za ta kumbura ta yage ba a gudun da ya wuce kilomita 270. Duk da haka, wurin da kowace taya take taɓa kwalta bai fi tafin hannu ba, kuma ta nan ƙarfin doki 200 zai bi.

Hannun mutum bai isa ya lura da wannan ba a kowane lokaci. Don haka aka sa wa R1 na 2015 wata 'yar na'ura da ke jin karkata da juyawa da fizga ta fuskoki shida, tana sanar da kwamfutar babur fiye da sau 100 a sakan. In tayar baya ta fara sulɓi a kwana, ko ta gaba ta ɗaga sama, kwamfuta za ta rage wuta tun mahayi bai farga ba. Ɗaliban ilmin halittu sun san irin wannan na'ura, don kowa yana da biyu a kansa. A can cikin kunne akwai bututu uku masu lanƙwasa cike da ruwa, kowane yana jin juyawar kai ta fuska guda, da wasu 'yan jakunkuna biyu masu ɗauke da ƙananan tsakuwoyi da ke jin karkata da fizga. Su ne suke rikicewa in yaro ya yi hajijiya. Ita na'urar ba ta da tsada sosai, irinta tana cikin wayoyin hannu. Abin da ke cin kuɗi shi ne watannin da injiniyoyi da mahayan gwaji suke yi a filin tsere suna koya wa kwamfutar abin da za ta yi.

Katin biki ɗari da katin biki dubu goma

Duk wanda ya taɓa kai aiki maɗaba'a ya san cewa kuɗin faranti da na tsara rubutu ɗaya ne, ko kati 100 za a buga ko 10,000. Mai 100 shi ne yake jin jiki. Masana'antar babur ma haka take. Albashin injiniyoyi na shekaru, da mazuban ƙarfe, da baburan da aka ragargaza wajen gwaji, duk an biya su tun ba a sayar da ko guda ba. Honda ya fara ƙera ƙaramin babur ɗinsa Super Cub a shekarar 1958, kuma a 2017 ya sanar cewa ya ƙera miliyan 100. A Indiya kaɗai ana sayar da masu ƙafa biyu fiye da miliyan 15 a shekara, mafi yawansu ƙanana. Masu sayen babur irin R1 kuwa 'yan tsiraru ne a duniya, kuma duk bayan 'yan shekaru sai an sake masa fasali don kada abokan hamayya su wuce shi. Daɗin daɗawa, R3 a Indonesiya ake harhaɗa shi, R1 kuwa a Japan, inda ladan ma'aikaci ya fi yawa nesa ba kusa ba.

Akwai kuma hannun 'yan tsere a ciki. Gasar duniya ta manyan babura da aka fara a 1988 ta shar'anta cewa babur ɗin da za a shiga da shi ya zama daga irin wanda ake sayar wa jama'a. In kamfani yana son wani sashe mai tsada a filin gasa, sau da yawa tilas ya sa shi a na kasuwa. Honda RC30, wanda ya ci gasar a 1988 da 1989 a hannun Fred Merkel, da sandunan taitaniyum aka sayar da shi ga jama'a saboda wannan dalili. Mai saye yana biyan kuɗin kayan da wataƙila har babur ɗin ya tsufa ba zai taɓa kai su iyakarsu ba.

Inda ƙa'idar ta karye

Hujja mafi ƙarfi cewa ba cc ake biya ba ita ce wuraren da ƙaramin inji ya fi babba tsada. Yamaha R6 mai cc 599 da silinda huɗu, mai ƙarfin doki wajen 118, an sayar da shi dala 12,199 a Amurka a 2017. A 2021 kamfanin ya fito da R7 mai cc 689, wanda ya fi shi girman inji, a kan dala 8,999. Shi R7 silinda biyu gare shi, ƙarfinsa doki 73, firam ɗinsa baƙin ƙarfe, injinsa kuma aro ne daga wasu baburan kamfanin da aka riga aka sayar da dubbai. Haka kuma Kawasaki yana da babura biyu masu cc 399 daidai wa daida a 2023, Ninja 400 mai silinda biyu da ZX-4RR mai huɗu, amma farashin na biyun ya kusa ninka na farkon. Kama da wane ba ta wane. Jaki da dokin sukuwa ba a sayar da su bisa nauyin namansu.

Gwamnatoci kuwa cc suke dubawa, don shi ne mai sauƙin aunawa. Jadawalin kwastan na duniya, wanda Nijeriya da Nijar suke aiki da shi, ya kasa babura ne a kan iyakokin cc 50, 250, 500 da 800. A 1983 gwamnatin Ronald Reagan ta ɗora haraji mai nauyi a kan baburan waje da suka wuce cc 700 don ta kare kamfanin Harley-Davidson. Kamfanonin Japan suka rage injinansu masu 750 zuwa ƙasa da 700 kaɗan, suka ci gaba da ciniki, har aka janye harajin a 1987. Indiya ma tun watan Satumba na 2025 tana karɓar kashi 18 cikin 100 a kan babur da bai wuce cc 350 ba, kashi 40 a kan wanda ya wuce. A Tarayyar Turai, dokokin hayaƙi sun tilasta sa matatu a salansa masu ɗauke da ƙarafa irin filatinum da rodiyum, waɗanda ake auna su da giram kamar zinariya. Nauyin waɗannan dokoki da raguwar masu saye suka sa Yamaha ya daina sayar da R6 na hawa kan titi a Turai bayan 2020, R1 ma daga 2025 sai na filin tsere kaɗai ake sayarwa a can.

Ba za a ce kuma duk kuɗin na ƙarfe da haraji ne ba. Ɗan kasuwa yana duban aljihun mai saye. Wanda ya sayi Boxer don neman abinci yana ƙirga kowace naira, kuma akwai kamfanoni da dama da ke zawarcinsa, saboda haka riba a kan kowane babur kaɗan ce. Mai sayen R1 kuwa sha'awa ce ta kawo shi, kuma tsadar kanta tana cikin abin da yake saye, araha ba ta ado. Kamfani ya san haka sarai.

A ƙasashenmu ratar ta ƙara faɗi. Ƙananan babura a wargaje suke shigowa cikin akwatuna a harhaɗa su a gida. Honda ma tun 1979 yake da masana'anta a Ota ta Jihar Ogun. Kayan gyaransu suna ko'ina, kuma kowane bakanike a bakin kasuwa ya san cikinsu. Manyan kuwa ɗai-ɗai ake shigo da su, galibi na hannu, da kuɗin waje. Farashin tsohon babur yana faɗuwa, amma na tayarsa da faifan birkinsa da bawul ɗinsa ba ya faɗuwa tare da shi. A nan ne haɗarin yake, domin wanda ya tattara duk abin da yake da shi ya sayi babur ɗin, shi ne zai ga tayar ta suɗe ya ce bari ta ƙara wata guda, ko ya sa wata mai araha wadda ba a yi ta don wannan gudu ba. Injin kuwa bai san an yi haka ba, yana nan da ƙarfin dokinsa 200, kuma a giya ta ɗaya kaɗai yana iya wuce kilomita 100 a awa, a kan titin da ake tsallakawa da awaki.